Yadda ake auna bayanin magogin kalanda kafin a damƙa shi ga wakilin ƙirƙirarriyar basira

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A wurin aikinmu an ba ni in duba bayanin wani kayan aiki da ke goge kalanda a Google Calendar, wanda wakilin ƙirƙirarriyar basira (manhajar da ke karɓar umarnin mutum ta aiwatar da shi da kanta) zai riƙa amfani da shi ta hanyar MCP, wato tsarin da ke haɗa irin waɗannan wakilai da kayan aiki. Bayanin gaba ɗaya layi ɗaya ne, yana cewa kayan aikin na goge kalanda idan an ba shi lambarta. Na ba shi maki mai yawa saboda gajere ne kuma babu ƙarya a ciki. Abokin aikina ya ce na yi sassauci. Da wane ma'auni ake auna irin wannan bayani?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin aikinka ya fi ka gaskiya a wannan karon, amma ba gajartar bayanin ce laifinsa ba. Laifinsa shi ne an rubuta shi don wani mai karatu daban, ba don wanda zai karanta shi ba.

Ka ga kai ko ni, idan muka ci karo da layi ɗaya irin wannan, ba za mu tsaya nan ba. Za mu buɗe shafin Google mu karanta, mu tambayi na kusa da mu, mu gwada a wani asusu da ba mu damu da shi ba. Wakili ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan a lokacin da zai yanke shawara. A tsarin MCP, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024, abin da ake miƙa masa game da kowane kayan aiki bai wuce suna, da bayani, da jerin guraben da zai cike ba. Da su kaɗai zai zaɓi ko ya kira kayan aikin ko ya bari, da su zai san abin da zai zuba a kowane gurbi, kuma da su zai fahimci abin da ya dawo masa. Kamar yaron da aka aika garin da bai taɓa zuwa ba ne, aka ba shi 'yar takarda a hannu. Abin da ba a rubuta a takardar ba zai cike shi da zato. Idan kayan aikin na karanta jadawali ne, zato marar kyau ya ɓata minti biyu. Idan magogi ne, zato marar kyau na iya tafiya da jadawalin shekara guda na mutane da yawa.

Saboda haka tambayar farko da nake yi wa kowane bayanin magogi ita ce: wace gogewa? A nan Hausarmu ma tana taimaka mana, domin muna bambanta goge da cire da share, kuma Google ma ya bambanta su da umarni uku. Akwai calendars.delete, wanda ke kawar da kalandar kanta ɗungurungum, kuma a kan ƙananan kalandu kawai yake aiki, wato waɗanda mutum ya ƙirƙira da hannunsa ban da babbar kalandar da ta zo da asusunsa. Akwai calendarList.delete, wanda ke cire kalanda daga jerin da mutum yake gani a gefen allonsa, ita kuwa kalandar tana nan daram, sauran masu amfani da ita ba su ma san an yi wani abu ba. Sannan akwai calendars.clear, wanda ke share duk abin da ke cikin babbar kalanda ya bar ta wayam, tunda ita ba ta goguwa. Bayanin da aka ba ka ya ce yana goge kalanda. Wanne daga cikin ukun nan? Kai da ka ga lambobin manhajar ka sani. Wakili bai gani ba.

Na taɓa ganin wannan da idona, kuma tun daga ranar ban ƙara yi wa irin wannan bayani sassauci ba. Ina gwada wani wakili a asusun gwaji, na ƙirƙiri kalandar wani aiki na raba ta da asusu biyu na abokan aikina. Na rubuta masa, kamar yadda kowa zai rubuta, cewa ya cire min kalandar tsohon aikin nan, ta cika min allo. Kayan aiki ɗaya ne a hannunsa da ya yi kama da buƙatata, bayaninsa kuma layi ɗaya irin naka. Ya kira shi. Kalandar ta ɓace a wurina, ta ɓace a wurin sauran biyun, ya dawo ya ce min an cire. Ban ga laifinsa ba. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a bayanin da ya karanta, kuma babu kalma ɗaya da ta gaya masa cewa abin da na nema da abin da kayan aikin ke yi ba ɗaya ba ne. Da a ce bayanin ya ƙara jimla guda, cewa idan mutum yana so ne kawai ya daina ganin kalanda to ba wannan ne kayan aikin ba, da ya tsaya ya tambaye ni.

Wannan jimlar ta hani ita ce na fi nema, kuma ita ce aka fi mantawa. Masu rubuta bayani suna son faɗin abin da kayansu ke iya yi. Ba kasafai suke tunanin faɗin lokacin da bai kamata a taɓa shi ba. Ga magogi kuwa, rabin bayanin ya kamata ya zama a kan haka: kada a kira shi don goge taro guda, kada a kira shi don daina bin kalandar wani, kada a kira shi a kan babbar kalanda. Kuma hani kaɗai bai isa ba, sai an nuna hanya. Idan sabar, wato manhajar da ke miƙa wa wakili kayan aikin, tana da kayan aikin cire kalanda daga jeri, a ambaci sunansa daidai yadda yake a rubuce. Idan ba ta da shi, a faɗa ƙarara cewa babu, wakili ya gaya wa mai shi cewa ba zai iya ba. Wakilan nan an horar da su su yi ƙoƙarin biyan buƙata, kuma idan ba su ga ƙofa ba sukan nemi mafi kusa da ita.

Abu na biyu, shin ana iya dawo da abin da aka goge? A nan akwai tarko, domin mutane da yawa sun san cewa Google Calendar na da kwandon shara, kuma taron da aka goge yana zama a ciki kwana 30 kafin ya tafi. Gaskiya ne, amma ga taro. Kalanda sukutum idan mai ita ya goge ta ba ta shiga wannan kwando, ba wani maɓalli da zai danna ya dawo da ita, kuma duk wanda aka raba ta da shi ya rasa ta. Wakili ya karanta rubuce-rubuce masu yawa a kan kwandon shara, yana iya ɗauka cewa komai nan yake zuwa, har ya kwantar wa mutum hankali ya ce kada ya damu ana iya dawo da ita. Bayanin da bai faɗi baro-baro cewa bakin alƙalami ya bushe da zarar an kira shi ba, kuma bai ambaci sauran mutanen da abin zai shafa ba, ya faɗi a wurina ko da sauran komai nasa ya yi kyau. Mai kyau har yakan ƙara da cewa kafin a goge a duba yawan tarukan da ke ciki da waɗanda aka raba kalandar da su, a gaya wa mai ita, kuma a tuna masa yana iya fitar da kwafinta a fayil ɗin ics, wato nau'in fayil na kalanda, ya ajiye.

Yanzu ga gurbin lamba, wanda bayaninka ya wuce shi da kalma ɗaya. Mutum ba ya kiran kalanda da lamba, da suna yake kiranta: kalandar ofis, kalandar yara, kalandar tafiya. Google kuwa bai hana kalandu biyu su ɗauki suna ɗaya ba. Lambar ƙaramar kalanda dogon jerin haruffa ne da ke ƙarewa da group.calendar.google.com, ta babbar kalanda kuma ita ce adireshin imel na mai asusun, kuma ana iya rubuta kalmar primary a madadinta. Ka duba ko bayanin gurbin ya faɗi wannan siffa. Ka duba ko ya ce daga ina za a samo lambar, wato a fara kiran kayan aikin da ke jero kalandu a ɗauko ta daga can, kada a ƙirƙira, kada a zuba suna a gurbin lamba. Ka duba kuma ko ya faɗi abin yi idan suna ɗaya ya dace da kalanda biyu. Amsar ɗaya ce, a tambayi mai shi, amma sai an rubuta ta. Jerin kalandu na Google yana zuwa da matsayin mutum a kan kowace, ko shi ne mai ita, ko mai rubutu, ko mai karatu kawai. Mai ita ne kaɗai ke iya gogewa, don haka bayani mai kyau zai ce a duba wannan matsayi tun kafin a kira.

Akwai wasu alamomi da aka ƙara wa tsarin MCP a sigar Maris ta 2025, kuma ya kamata ka duba su a gefen bayanin. Su ne readOnlyHint, destructiveHint, idempotentHint da openWorldHint. Ta farko tana cewa kayan aikin karatu kawai yake yi, ta biyu tana cewa yana iya ɓarnar da ba ta gyaruwa, ta uku tana cewa maimaita kira ɗaya ba ya ƙara komai a kan na farko, ta huɗu tana cewa yana hulɗa da abin da ke wajen gidansa. Ga magogin kalanda, ta farko dole ta ce a'a, ta biyu ta ce i. Idan ka ga alama ta saɓa wa bayani, misali an ce karatu kawai alhali yana gogewa, wannan ya wuce rauni ya zama haɗari, domin wasu manhajojin da ke ɗauke da wakili da waɗannan alamomi suke yanke ko su nemi amincewar mutum ko su wuce. Sai dai kada ka bari alamar ta sauke wa bayani nauyi. Ƙa'idar MCP da kanta ta ce ishara ce kawai, ba a dogara da ita idan ba a amince da sabar ba. Kuma ba kowace manhaja ke nuna wa wakili alamomin ba, bayani kuwa kullum yana isa gare shi. Alama tana cewa akwai ɓarna, ba ta faɗin ɓarnar me, ko ta wa.

Sashen da na fi daɗewa a kansa idan ina duba irin wannan aiki shi ne abin da ke dawowa bayan kira, musamman idan abu bai yi ba. Idan gogewa ta yi nasara, Google ba ya dawo da komai sai lambar 204, wadda ke nufin an yi nasara, da fanko. Sabar da ta miƙa wa wakili wannan fanko yadda yake ta bar shi cikin duhu, yana iya zaton kiran bai tafi ba ya sake. Ya kamata ta dawo da jimla da ke cewa an goge kalanda kaza mai lamba kaza, kuma bayani ya sanar da haka tun farko. Kurakurai sun fi wuya. Lambar 404 na iya nufin babu kalandar, na iya nufin tana nan amma wannan asusu ba ya ganin ta. Lambar 403 ta fi rikitarwa, domin Google na amfani da ita idan ba ka da izini, yana kuma amfani da ita idan ka yi kira da yawa a ɗan lokaci. Na biyun maganinsa a jira a sake. Na farkon maganinsa a tsaya cak a koma wurin mutum. Idan saƙon kuskuren bai bambanta su ba, wakili zai yi ta bugun ƙofar da ba za ta buɗe ba, ko kuma, wanda ya fi muni, ya nemi wata hanya. Ka ɗauka an ce masa ya goge kalandar da ta zamo ita ce babba, aka ƙi, sai ya hango calendars.clear a cikin kayan aikinsa ya ga ai wannan zai biya buƙata. Ya share wa mutum duk alƙawuransa da niyyar taimako. Saboda haka ni saƙonnin kuskure ina lissafa su cikin bayani, ina karanta su ɗaya bayan ɗaya, ina neman kowanne ya faɗi abin da ya faru da abin da za a yi gaba, har da cewa kada a gwada wata hanya sai da izinin mai shi.

Idan magogin naku yana taɓa taruka ma ba kalanda kaɗai ba, ƙara abu biyu. Taro mai maimaituwa, kamar zaman kowace Litinin, yana da lambar jerin gaba ɗaya da lambar kowane zama, kuma wadda aka ba shi ita zai goge. Sai kuma saƙon da ke zuwa wa waɗanda aka gayyata: a Google akwai gurbin sendUpdates da ke zaɓar wa za a sanar, a Microsoft Graph kuwa, wato hanyar da manhajoji ke bi su taɓa kalandar Microsoft, idan mai shirya taro ya goge shi daga kalandarsa saƙon sokewa na tafiya ga mahalarta. Imel ɗin da ya riga ya fita ba ya dawowa, dole bayani ya faɗa.

To duk wannan karatu ne, kuma karatu kaɗai ba ya auna bayani. Kai da ka san amsa, idonka zai riƙa cike giɓin ba tare da ka lura ba, shi ya sa layi ɗaya ya yi maka kama da cikakke. Sai an gwada. Buɗe asusun da ba kowa a ciki. Ka ƙirƙiri ƙaramar kalanda ka raba ta da wani asusun, ka ƙirƙiri biyu masu suna ɗaya, ka bi kalandar ranakun hutu, ka karɓi wata da kai mai karatu ne kawai a kanta, ka zuba 'yan taruka a babba. Sannan ka yi wa wakili magana yadda mutane ke yi, ba yadda masu rubuta manhaja ke yi ba. Ka ce ya cire maka kalandar hutu. Ka ce ya share kalandarka ta mako mai zuwa, wanda kowa ya san taruka ake nufi. Ka ce ya goge kalandar ofis alhali biyu ne. Ka ce ya tsabtace maka tsofaffin kalandu ba tare da ka faɗi waɗanne ba. Idan masu amfani da ku da Hausa za su yi masa magana, ka gwada da Hausa, domin cire da share da goge sai sun bi ta fahimtarsa kafin su haɗu da bayanin da aka rubuta da Turanci, kuma a wannan tsallaken ma ana yin ɓari. Kada ka kalli abin da ya ce maka, kalli kiran da ya yi da abin da ya zuba a gurbi. Kowace jimla ka maimaita ta sau da yawa, domin amsarsa ba ta zama ɗaya kullum, kuma idan da hali ka gwada da wakili fiye da ɗaya. Inda ya kauce, ka gyara jimla guda a bayanin ka sake. Ta haka za ka san wace jimla ce ke aiki, wace ce ado.

Ado kuwa a cire shi. Bayanin kowane kayan aiki yana cin wuri a cikin abin da wakili ke riƙewa a kowace hira, kuma idan kayan aiki sun yi yawa, gargaɗi mai muhimmanci yana nutsewa a cikin surutu. Jagorar Anthropic ta ba da shawarar aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, ƙari idan yana da sarƙaƙiya. Ga magogi ni nakan kai bakwai ko takwas ban ji na yi yawa ba, muddin kowace tana canza abin da wakili zai yi. Yabon kai, irin mai sauri ne, mai sauƙi ne, ba ya canza komai.

Akwai iyaka da nake so ka rubuta a rahotonka, don kada a ɗora wa bayani abin da ba zai iya ɗauka ba. Jimlar da ke cewa a nemi amincewar mutum kafin a goge roƙo ce, ba kulle ba ce. Kalanda wuri ne da baƙo ke iya jefa rubutu a ciki ta hanyar gayyata. A watan Agustan 2025 wasu masu bincike sun nuna a taron tsaron kwamfuta na Black Hat a Las Vegas yadda umarnin da aka ɓoye a cikin gayyatar Google Calendar ya sa Gemini, ƙirƙirarriyar basirar Google, aikata abin da mai asusun bai nema ba. Wakilin da aka yaudara haka ba zai tsaya don bayani ya ce ya tsaya ba. Shi ya sa ƙa'idar MCP ta ce ya kamata a samu mutum a tsakani mai ikon hana kira, kuma sigar Yunin 2025 ta ba sabar damar ta tambayi mutum kai tsaye a tsakiyar aiki. Ka duba ko naku yana da wannan shinge a cikin manhajar kanta, ko aƙalla yana neman a sake rubuta sunan kalandar a gurbi na biyu ya ƙi gogewa idan bai dace da lambar ba. Idan yana da shi, bayani ya faɗa. Idan ba shi da shi, bayani kada ya nuna kamar yana da shi.

Da ni aka ba wa, ga ma'anar abin da zan rubuta, ko da da Turanci za a sa shi: Yana goge ƙaramar kalanda ta Google har abada tare da duk tarukan da ke cikinta, ga mai ita da duk wanda aka raba ta da shi. Ba a iya dawo da ita. Ba ya aiki a kan babbar kalanda, kuma mai kalanda ne kaɗai ke iya amfani da shi. Idan mutum yana so ya daina ganin kalanda ne kawai, yi amfani da kayan aikin cirewa daga jeri, idan taro yake so a goge, yi amfani da magogin taro. Ɗauko lambar daga jerin kalandu, kada ka ƙirƙira, kuma idan suna ya dace da fiye da ɗaya ka tambaya. Kafin kira, gaya wa mutum sunan kalandar da waɗanda ke amfani da ita, ka jira ya amince a fili. Idan aka ƙi saboda izini, tsaya ka sanar da shi, kada ka nemi wata hanya.

Game da maki, shawarata kada ka haɗa sassa ka raba. Idan ka ba gajarta cikakken maki, ka ba gaskiya cikakken maki, ka ba gargaɗi sifili, rabawar za ta fito da matsakaici mai kyan gani, a wuce da shi. Ka ware abubuwa uku su zama sharaɗi: wace gogewa ce, tana dawowa ko ba ta dawowa, wa da wa za ta shafa. Wanda ya rasa ɗaya bai haye ba, sai bayan ya cika su ake lissafa masa sauran. Bayanin da ke hannunka ya rasa duka ukun. Ka mayar wa wanda ya rubuta shi, ka haɗa masa da jimlolin da ka gwada da kiran da wakili ya yi a kan kowace, ka ce ya fara da ta kalandar hutu.